Rufin da Tanimu Ya Ciro

Ku matso nan, ku rage murya. Wanda ya san zai kasa barci ya tashi tun yanzu, don in na fara ba na tsayawa a tsakiya.

Akwai wani mutum a Malumfashi ana ce masa Tanimu, mai sayar da taki a bakin kasuwa. Da mahaifinsa ya rasu aka zo rabon gado, 'yan'uwansa suka ɗauki gonaki, shi kuwa ya ce a bar masa motar tsohon. Akori-kura ce irin ta da, mai ja da ƙafa huɗu, wadda aka yi shekaru ana kwaso auduga da ita daga ƙauyuka. Ta daɗe a kafe a bayan gida, har kaji suna ƙwai a cikinta. Aka yi ta yi masa dariya. Bai kula ba.

Ya kafa rumfar kwano a ƙofar gida, ya ce gareji ne. Kullum ya taso daga kasuwa sai ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashinta. Ya sauke injin ya wanke da kananzir. Ya sake birki, ya sa mata tayoyi masu manyan haƙora, ya shimfiɗa sabon katako a baya. Kujerun ma sai da ya kai Kano aka yi musu rigar jar fata. Matarsa Barira takan leƙo da jaririyarsu a kafaɗa.

"Baban Saude, abinci fa ya huce."

"Ina zuwa."

Ba ya zuwa sai ya ji kiran salla.

Abu ɗaya ya gagare shi, rufin gaban motar. Tsatsa ta cinye shi, in ka ɗaga kai sai ka ga sama. Mai walda ya duba ya ce babu inda wuta za ta kama. Aka cigita har Kaduna, babu irinsa. Sai wani tsohon direba ya ce masa akwai irin motar sak a kwazazzabon Marke, kan tsohuwar hanyar auduga da aka daina bi. Ta faɗa tun da daɗewa, ba wanda ya je ɗauko ta.

Tanimu ya hau babur ya tafi. Gona ɗaya ce tak a wurin, ta wani dattijo, Baba Nomau. Ya same shi yana sharar gona, don damina ta ƙarato.

"Motar tana nan," in ji tsohon. "Amma da masu ita."

"Su wa, Baba?"

"Maƙwabtana. Ba za ka gan su ba, ni ma ban taɓa ganinsu ba. Muna dai zaune lafiya. Me kake so a jikinta?"

Tanimu ya dubi ƙasa. "Madubi kawai. Da mariƙin ƙofa."

"To bari in roƙa maka."

Tsohon ya je bakin kwazazzabon ya yi sallama, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaida surukai. Da ya dawo ya ce, "Na ce musu kai ɗan mutunci ne, na tsaya maka. Ka ɗauki abin da ka faɗa, ka tsaya nan."

Tanimu ya sauka. Motar tana jingine da wani dutse, tayoyinta sun nutse a ƙasa. Ya leƙa ciki. A share take tas. Babu yana, babu kashin ɓera. Ya dafa kujera ya ji ta da ɗumi, alhali tana cikin inuwa. Ƙamshin kunu yana tashi kaɗan-kaɗan. A kusurwa ga wani ɗan tsumma a naɗe, irin wanda ake shimfiɗa wa jariri.

Duk ya ga wannan. Amma da ya ɗaga kai ya ga rufin, lafiyayye, ko ɗigon tsatsa babu, sai ya manta da sauran. Ya ciro madubi da mariƙin ƙofa ya koma gida.

Ran Juma'a ya aro babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Ya san tsohon zai tafi masallaci a wani ƙauye. Da tsakar rana ya isa, shi kaɗai, lokacin da mutane suke sahu. Bai yi sallama ba. Ya kwance ƙusoshin da suka yarda, ya sa zarto ya yanke waɗanda suka ƙi. Yana ɗaga rufin, rana ta faɗa cikin motar, sai ya ji kuka. Siriri ne, can ƙasa.

Ya ce wa kansa kyanwar daji ce. Amma mutumin da ke da jaririya a gida ya san kukan jariri. Ya ɗaure rufin ya tafi, bai waiwaya ba.

A yammacin ranar hadari ya haɗo. Ruwan farko ya sauko da iska da ƙanƙara, ya ƙi ɗaukewa. Barira tana lulluɓe Saude da bargo ta ce, "Allah sarki. Ko yaya waɗanda ba su da rufi za su yi yau?"

Tanimu ya ajiye cokali ya fita daga ɗakin.

Ya ɗora rufin, ya zauna daram. Ya yi wa motar koren fenti. Masu dariya suka dawo suna shafa ta suna yabo. Shi kuwa in ya zauna a ciki ba ya iya ɗaga kai. Ana nan sai ya ji a kasuwa cewa an kawo Baba Nomau asibiti, wai ya wayi gari bakinsa ya mutu, likita ya rasa dalili. Tanimu ya sayi lemo zai je dubiya. Ya kai ƙofar asibitin ya juyo.

Wata rana bayan la'asar sakaliya yana garejin yana goge gilashi. Ranar ko gajimare babu. Sai ya ji ɗigar ruwa a ƙasa. Ɗis. Ɗis.

Wata mace ce tsaye a bakin rumfar, doguwa, ta ja mayafi har bisa hanci. A jiƙe take sharkaf. Da goyo a bayanta.

"Kai ne mai motar?"

Tana gabansa, amma muryar daga bayan kunnensa ta fito. Ya waiwaya, ba kowa. Ya sunkuyar da kai don kada ya dubi fuskarta, sai idonsa ya sauka a ƙafafunta. Dugaduganta ne a gaba. Yatsun suna kallon hanyar da ta fito.

"Ni ne," ya ce.

"Za ka kai mu."

"Ina, baiwar Allah?"

"Wurin danginmu, ƙetaren rafi. Can muke binne namu."

Sai a lokacin ya lura goyon ba ya motsi.

"Ruwa ya doke shi," ta ce. "Ya yi jinya. Yau da safe ya cika. A ƙarƙashin rufin nan na haife shi. A ƙarƙashinsa za a kai shi."

Bai yi gardama ba. Bai ma leƙa gida ya faɗa ba. Ya buɗe mata ƙofa, ta kwance goyon ta rungume, ta zauna kan jar fatar nan. Wannan ce fitar motar ta farko tun da ya gyara ta.

Suka bar kwalta suka kama tsohuwar hanyar. Rana tana jaja-jaja. Da suka zo gindin wani gawo ta ce, "Tsaya." Ya tsaya. Ba kowa a wurin. Sai ya ji katakon baya ya yi ƙara, motar ta ɗan lotsa. Ya duba madubin da ya ciro daga gidanta. Wayam.

"Mu je."

A wata tsohuwar rijiya ta sake tsayar da shi. A wani kango ma haka. Duk inda ya tsaya sai bayan motar ya ƙara nauyi, har ƙarfen ƙasa yana kartar hanya. Yana jin numfashi a bayan gilashin, na mutane da yawa, da shesshekar wata tsohuwa. Bai sake duba madubin ba.

Da suka shiga yashin rafi tayoyin baya suka nutse. Injin yana ruri, motar ba ta gaba. Gumi ya jiƙa masa riga.

"In ba ta fita ba, sai ka sauka ka ɗauke shi a hannu," ta ce.

Ya karanta abin da ya zo bakinsa. Ya kama ƙaramar giyar nan ya sa mata ƙafa huɗu. Motar ta yi gurnani, ta girgiza, ta fara rarrafe. Da haka suka haye.

A ƙetare fili ne fetal, sai duwatsu. Nauyin ya riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, har bayan motar ya ɗago. Matar ta buɗe ƙofa. Nan Tanimu ya kifa kai a sitiyari, hawaye suka ɓalle masa.

"Na ji kukansa," ya ce. "Na ji, na tafi. Ki yafe mini."

Ta juyo gare shi.

"Na san ka ji. Ina riƙe da shi ina kallonka."

"Ina da 'ya," ya ce. "Don Allah, in za a rama, a rama a kaina."

"Ba ma taɓa yara. Ku ne kuke yin haka." Ta gyara rungumar gawar. "Tsohon ya ce kai ɗan mutunci ne, shi ya sa muka riƙe harshen da ya faɗa. Ka mayar da rufin, mu sake shi. Yafiya kuwa ba yau ba. Amma ka kawo mu, kuma ba a yi mana ɗawainiya mu bar mutum haka. Za ka ga abin da muka bar maka."

Ta sauka. Yana kallonta tana tafiya, fuskarta ga duwatsu, sawunta yana nuna motar. Sai almuru ya haɗiye ta.

Ya iso gida ana fitowa daga sallar isha'i. Ya zaunar da Barira ya gaya mata komai. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauki Saude ta ƙanƙame, ta ce, "Gobe ka mayar. Kuma kada ka tafi kai kaɗai."

Da safe ya kwance rufin. Ya tafi da yayun Barira biyu, suka yi sallama, suka ɗora shi inda yake, suka ɗaure tam. Daga can ya wuce asibiti. Ya tarar da Baba Nomau zaune yana shan koko, jikokinsa suna murna baki ya buɗe. Tanimu ya durƙusa. Tsohon ya dube shi ya dube shi.

"Madubi ka ce mini," ya ce.

Bai ƙara ba. Har ya bar duniya bai sake yi wa Tanimu wata magana ba, ko da yake duk damina Tanimu yana kai masa taki ya ajiye a bakin gona.

Motar kuwa haka ta zauna ba rufi. Bai sake neman wani ba. Ranar farko da ruwa ya tare su a hanya, shi da Barira da Saude, nan ya ga abin da aka bar masa. Ruwa yana zuba kamar da ƙwarya, amma ko ɗigo bai taɓa uwa da 'yar ba. Buhunan da ke baya ma a bushe suke. Shi kaɗai ruwan yake duka, a kai, a kafaɗu, har yana rawar ɗari.

Har yau haka abin yake. In damina ta yi nisa hanyoyin ƙauye suka yanke, shi ake kira ya ɗauko mai naƙuda ko marar lafiya, kuma ba ya cewa a'a. Su iso a bushe, shi ya iso a jiƙe. An ba shi laima, an ba shi rigar ruwa. Ba ya karɓa.

To kun ji. In hanya ta bi da ku ta kwazazzabon Marke, kada ɗayanku ya bi shi kaɗai. In kuka ga wuri a share, ba kowa, ku yi sallama ku wuce da hannuwanku a aljihu. Yanzu kowa ya yi addu'a ya kwanta. Ke, rufe tagar nan, hadari nake ji.