Wayar da Auta Ta Zaɓa wa Baba

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ake kira Auta a gidansu. Babanta yana aiki a wani babban kantin magani. Shi ne yake kai wa marasa lafiya maganinsu har gida a kan keke. A bayan keken akwai akwatin magani. A gaba kuma akwai ɗan ƙarfen da yake maƙala wayarsa. A wayar yake duba taswira, a nan kuma ake kiransa.

Wata rana wayar ta faɗo a kan kwalta, fuskarta ta tsattsage. Baba ya yi ta lallaɓa ta har sati biyu. Daga nan ta daina kunnuwa.

Ranar Asabar da safe ya ce Auta ta sa takalminta ta raka shi sayen sabuwa. Idonsa ba ya kama ƙananan rubutun jikin kwali, ita kuwa gwanar karatu ce. Ya ɗora ta a keke suka tafi.

A hanya ya gaya mata irin wayar da yake nema. Android yake so, don da ita ya saba. Yana son wadda batirinta zai kai shi daga safe har yamma. Yana son wadda zai ga rubutunta a cikin rana ba sai ya nemi inuwa ba. Kuma ta zama ba ta tsoron ruwa da ƙura da girgizar hanya.

“Hoto fa, Baba?” in ji Auta.

“Wa zan ɗauka? Ramukan titi?” in ji shi. Suka yi dariya.

A shagon waya akwai wani saurayi mai ƙaton agogo a bayan gilashi. Baba ya gaishe shi. Saurayin ya dubi wandon Baba, wanda ya ɗaure ƙafarsa da roba saboda sarƙar keke. Ya dubi tabon baƙin mai a hannun rigarsa. Sai ya mayar da kai ya ci gaba da latsa wayarsa. Sai da Baba ya sake gaishe shi sannan ya amsa da hanci.

Baba ya matsa kusa da gilashin yana kallon wayoyin ciki.

“Tsoho, wannan ɓangaren ba naku ba ne,” in ji saurayin. “Irin naku suna can ƙasa.” Da leɓe ya nuna wurin, ko hannu bai ɗaga ba.

Auta ta ji haushi. Babanta, wanda duk unguwa ke girmamawa, shi ake nuna wa kaya da leɓe? Ta dubi Baba, tana jira ya mayar da magana. Amma Baba bai nuna ya ji ba. Ya ce a ɗauko masa ɗaya daga na ƙasan.

Saurayin ya dire wata baƙar waya mai kauri, gefenta duk roba. Auta ta cije leɓe. Ta nuna wata siririya shuɗiya a cikin gilashi, mai idon kyamara uku, ta ce ita ma a fito da ita. Saurayin ya yi ɗan tsaki kafin ya ɗauko.

Auta ta juya kwalayen biyu ta karanta. Lambar batirin baƙar dubu shida ce. An zana ɗigon ruwa a kwalinta, an rubuta cewa ruwa da ƙura ba sa shigarta, kuma haskenta yana ƙaruwa a rana. Lambar batirin shuɗiyar dubu uku da ɗari biyar ce. Ba maganar ruwa ko ɗaya a kwalinta. Duk surutun na kyamara ne. Ta ɗan fi baƙar tsada, amma abin da Baba ya zo da shi zai kai.

Auta ta san wadda ta dace. Amma da ta ɗago, sai ta ga saurayin yana murmushin raini.

“Baba, shuɗiyar ta fi,” in ji ta.

“Tana da duk abin da na lissafa miki?”

“Tana da su.”

Baba bai sake tambaya ba. Ya ce a naɗe masa. Murmushin saurayin ya ɓace, ya hau neman leda da sauri. Auta ta ji daɗi ƙwarai. Har ta waiwayo ta harare shi a bakin ƙofa.

Daɗin bai daɗe ba. Ranar Litinin Baba ya dawo yana cewa ba ya ganin komai a fuskar wayar in rana ta take. Sai ya sauka daga keke ya raɓe a inuwar gini ya duba hanya. Ranar Talata ta yi zafi a kan ƙarfen har ta kashe kanta. Ranar Laraba cajin ya ƙare tun azahar. Auta tana jin duk wannan, sai ta sunkuyar da kai a kan littafinta.

Ranar Alhamis aka yi ruwa mai yawa. An aiki Baba da maganin wata tsohuwa mai ciwon numfashi, a sabuwar unguwar da bai sani ba. Da ruwa ya sauko, ya gwada kare wayar da hularsa. Da ya ga ba zai yiwu ba, ya naɗe ta a leda ya cusa a akwati. Da ya samu rumfa ya fito da ita, cajin ya ƙare. Ba taswira, ba lambar gidan. Ya yi ta bin layi-layi yana tambaya. Ya isa bayan awa biyu, ya tarar da jikokin tsohuwar suna shirin kai ta asibiti.

Ya shigo gida da yamma jiƙe sharkaf. Ya ce mai kantin magani ya yi masa faɗa a gaban mutane. Ya kuma hana shi aiken nesa, ya ce in aka sake haka zai nemi wani.

Mama ta miƙa masa tawul tana huci. Ta ce wannan zalunci ne. Ta ce yaron shagon ya ga dattijo da ƙaramar yarinya, shi ya sa ya manna musu wayar banza. Shekara goma sha ɗaya Baba yana aikin nan ba a taɓa ɗaga masa murya ba, yau ga shi saboda wani marar kunya. Baba ya ce ranar Asabar zai koma shagon, kuma ba zai fito ba sai an bi masa hakkinsa.

“Ai dama tun da muka shiga ya raina mu,” in ji Auta. Maganar gaskiya ce, amma ta san ba ita ce duk gaskiyar ba.

Washegari a aji ta kasa yin lissafi ko ɗaya. Da aka fita hutun tara, Malama ta tsayar da ita ta tambaye ta abin da ke damunta. Auta ta kwashe labarin raini da leɓe da tsaki ta gaya mata, tana magana da sauri.

Malama ta saurara har ƙarshe. Ta ce lallai saurayin bai kyauta ba, ita ma da tana wurin da ranta ya ɓaci. Sai ta tambaya, “To wa ya karanta wa Baba kwalin?”

Auta ta kawar da kai.

“Ba sai kin gaya mini ba,” in ji Malama. “Ba ni ce na jiƙe a ruwa ba.”

Auta ta yi niyyar gaya wa Baba a ranar. Sau biyu tana zuwa kusa da shi, tana fasawa.

Ranar Asabar suka koma shagon. Auta ba ta taɓa jin Baba ya ɗaga murya haka ba. Ya ajiye wayar a kan gilashi. Ya ce an sayar masa da abin da ba shi aka ce ba, an kusa raba shi da aikinsa, an kusa jawo wa marar lafiya wahala. Saurayin ya miƙe yana rantsuwa cewa shi bai ce komai a kan batir ko ruwa ba.

Hayaniyar ta fito da mai shagon daga ɗakin ciki. Wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta saurari Baba da kyau. Sai ta juya ga saurayin. Ta ce ta sha gaya masa ba a yi wa mai saye ƙarya a shagonta. In har ya yi, ya ajiye makulli ya tafi yau.

Saurayin ya yi tsuru-tsuru. Ya fara cewa shi ne yake riƙe da ƙannensa.

Auta ta dube shi. Har yanzu tana jin haushinsa. Amma za a kore shi ne a kan abin da ita ta yi.

“Ba shi ba ne,” in ji ta a hankali. “Ni ce. Baba, na karanta kwalin. Na ga baƙar ce take da abin da kake so. Na ce maka shuɗiyar.”

Baba ya juyo ya dube ta.

“Don me, Auta?”

“Ya ce irin namu suna can ƙasa. Ya nuna maka da leɓe. Na so ya ga kai ma za ka iya sayen ta gilashi.” Sai hawaye ya zubo mata.

Baba ya fara juyawa ga saurayin. Ya ce ya ɗora masa laifin da ba nasa ba, ya yi haƙuri. Mai shagon kuwa ta cire tabarau ta tambayi saurayin ko da gaske ne abin da Auta ta faɗa. Ya sunkuyar da kai. Ta yi masa faɗa sosai. Ta ce mutumin da ke yawo a rana yana kai wa marasa lafiya magani ya fi ƙarfin a nuna masa kaya da leɓe. Saurayin ya zagayo daga bayan gilashi ya ba Baba haƙuri.

Mai shagon ta duba shuɗiyar wayar gaba da baya. Ba ta ƙarje ba, ruwa bai shige ta ba. Ta yarda a canza. Ta ce su fita da baƙar waje su gwada kafin su ɗauka. Suka tsaya a tsakiyar rana, Baba ya karanta sunayen tituna a taswira ba tare da ya kare da hannu ba. Auta ta karanta masa kwalin da ƙarfi, layi bayan layi, ba ta tsallake komai ba.

A hanyar gida Baba bai hau keken ba. Ya riƙe shi yana turawa, Auta tana gefensa.

“Kin ji haushi saboda ni, na gode,” in ji shi. “Ni ma na ji abin da ya faɗa. Amma na je sayen kayan aiki ne, ban je in burge shi ba. Da idonki na dogara, Auta. Wannan ne ya fi min ciwo.”

“Ka yafe mini, Baba.”

“Na yafe. Da kin yi shiru aka kori yaron nan, da abin ya fi haka muni.”

Da Mama ta ji labarin a gida, ba ta sauko da wuri ba. Ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce ita da ta yi kwana biyu tana zagin ɗan mutane, ashe mai laifin tana cin abinci a gabanta. Ta yanke cewa Auta za ta wanke keken kullum da yamma har wata guda. Auta ta ɗauki bokiti a ranar ba musu.

Sati biyu bayan haka Baba ya dawo da fara'a. Ya ce bai makara ko sau ɗaya ba, kuma an mayar masa da aiken nesa. Ya ɗaga wayar ya nuna musu, ga yamma ta yi amma cajin bai ko sauka zuwa rabi ba. Mama ta yi dariya ta ce mummuna ce dai, amma ta san aikinta.

Tun daga nan Auta ta gane abu biyu. Ana zaɓen kaya ne don aikin da zai yi, ba don a burge wani ba. Kuma duk yadda ranka ya ɓaci, kada ka yi wa wanda ya yarda da kai ƙarya.