Ƙarnin Da Ba Na Kifi Ba

Ana tsuga ruwa ranar da Diep ta shiga asibitin dabbobi na bayan kasuwar garin Sa Dec, rungume da kare cikin tsohon bargo. Silifas ɗinta ɗaya ya tsinke, gashinta ya manne mata a goshi. Wanda ya karɓi karen wani siririn saurayi ne mai tabarau, sabon likita, sunansa Vinh. Ya dubi karen, ya dube ta, sai ya mayar da idonsa kan karen da sauri, kunnuwansa sun yi ja.

"Me sunansa?"

"Dom. Karen babana ne." Ta share ruwan goshinta. "Baba ya rasu bara."

Vinh ya shafa haƙarƙarin karen, ya duba dasashinsa, sannan ya ɗora masa abin sauraren ƙirji. Ya daɗe yana saurare.

"Me yake ci?"

"Abin da muke ci. Shinkafa, awara, ganye."

"Nama fa? Ko kifi, ko ƙwai?"

"Ba sa shiga gidanmu."

Ba sai an yi masa bayani ba. Duk garin an san Inna Sau, mahaifiyar Diep, mai sayar da abinci marar nama a ƙofar haikali. Ranar da aka binne mijinta ta durƙusa gaban mutum-mutumin Buddha ta yi alkawari: wani abu mai jini ba zai sake tsallake ƙofarta ba, ladan kuma ya je wa mamacin. Mutane kan yi haka na makonnin makoki su koma ga tukunyarsu. Inna Sau ba ta iya yin abu rabi ba, ta ce ita har mutuwa. Shi kuwa Dom ɗan gida ne, alkawarin ya haɗa da shi ba tare da an tambaye shi ba.

"Kare yana iya rayuwa ba nama, ƙanwata," in ji Vinh, "amma ba da ragowar kwanon mutane ba. Shinkafa cika ciki ce. Awara na gina jiki, sai dai ginin nata bai cika ba. Babu bitamin B12 a abincinsa, abin ƙarfafa ƙashi bai kai ba, sannan akwai wani sinadari, taurine, da zuciyarsa take nema ta rasa. Zuciyar ta fara saki."

"Mutuwa zai yi?"

"Hanya mafi sauƙi ita ce nama."

"Wannan hanyar a rufe take."

Ya kalli yadda take murza gefen bargon.

"To ba ni lokaci in nemo mai wuyar."

Da farko ya sa aka aiko masa da buhun abincin kare na tsirrai zalla daga birnin Saigon. Suka zauna a bencin asibitin, kawunansu kusa da juna, yana nuna mata yadda ake karanta bayan buhu.

"Hoton karas da wake na gaba, wannan don ke aka yi shi, ba don kare ba. Juya baya. Nemi inda aka ce cikakken abinci ne. Duba yawan sinadarin gina jiki, duba ko an ƙara abubuwan da ganye ba ya bayarwa. In babu su, tsada kawai kika saya."

Diep ta gane komai. Abin da ya hana ta natsuwa shi ne ƙamshin sabulun rigarsa.

Dom ya shinshina abincin Saigon ya kau da kai, kamar an zage shi. Dole Vinh ya koma wata dabarar. Ya haɗa wani gari da za a riƙa barbaɗawa a kan shinkafa, awara da dafaffen wake, ya auna mata cokali, ya ce safe da yamma, tare da ƙwayar maganin zuciya. Garin yana da wani ɗan ƙarni. Dom ya lashe kwanon tas.

Kafin wata ya zagayo, karen ya fara fita tsakar gida. Saƙonnin waya tsakanin Diep da Vinh kuma suka fara fita daga maganar kare.

"Yaya Likita, marar lafiyarka ya kori kazar maƙwabta yau."

"Madalla. Mai jinyar fa, ta ci abinci?"

"Ita ba a rubuta mata magani ba."

"An rubuta. Shayi da ni a bakin kogi, ranar Lahadi. Ba a tsallake wannan maganin, 'yar awara."

"Wa ka ke kira 'yar awara?"

"Wadda na kasa daina tunani tun ranar ruwan nan."

Diep ta karanta wannan na ƙarshe har allon wayar ya mutu, ta sake kunna shi. Rabon da wani abu ya yi mata daɗi a gidan nan tun kafin rasuwar mahaifinta. Gida ne da turaren wuta ke ci gaban hotonsa kullum, ana magana ƙasa-ƙasa, ana cin abinci ba mai kallon wani.

Ranar da Vinh ya zo gaishe da Inna Sau, ya zo da lemo da furanni, ya rusuna yadda ya kamata. Ta ba shi shayi, ta yi masa tambaya ɗaya.

"Ɗan gidan wa ne kai?"

"Ɗan gidan Baba Nam, mai kifi a bakin gada."

Inna Sau ta ajiye butar. Ta san rumfar, takan sauya hanya don kada ta wuce ta gabanta. Can ne ake fito da kifi da ransa a buga masa katako a ka.

Bayan ya tafi ta ce wa Diep, "Da kuɗin jini aka yi masa karatu. Ni ina tara wa ubanki lada da cokali, ke za ki je ki zubar da bokiti? Ga Thien nan, me ya rasa?"

Thien ɗan mai kawo musu awara ne. Bai taɓa sa nama a bakinsa ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan. Ya daɗe yana zagaye gidan, yana gyara musu famfon da bai lalace ba. Shi ne wata safiya ya tarar da Diep tana barbaɗa garin, ya ɗauki gwangwanin ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Inna, zo ki ji. Garin kifi ne wannan. Me kuke tsammani daga ɗan mai kifi? Sharar rumfar ubansa ya niƙo muku."

Inna Sau ba ta taɓa gwangwanin ba. Daga nesa ta ji ƙarnin. Ta zauna a ƙasa gaban hoton mijinta tana kuka marar sauti, tana cewa duk watannin nan a banza, duk a banza. Thien ya kwashe garin da ƙwayoyin duka ya zuba a kwata, yana jin kansa jarumi.

Abin da ya fi ciwo shi ne Diep ma ta yarda. Tun ranar farko hancinta ya gaya mata, ta ƙi saurara saboda tana son mai garin. Ta ɗauki waya ta rubuta wa Vinh:

"Ka sa na ƙazantar da alkawarin mahaifiyata da hannuna. Da ka faɗa min gaskiya da na san abin yi. Kada ka sake zuwa."

Amsa ta shigo nan take: "Babu kifi a ciki, Diep. Ki bari in zo in nuna muku. Ko kin daina kula ni, kada ki daina ba shi maganin."

Ta toshe lambarsa. Ya zo ƙofar gida sau da yawa, Inna Sau ta sa sakata.

Damina ta yi nisa. Dom ya koma shinkafa da ganye, ya koma kwanciya ƙarƙashin gadon marigayin. Tari ya kama shi, cikinsa ya fara kumbura. Diep tana yanka awara a rumfa tana hawaye, masu saye suna ɗauka hayaƙi ne. Tana kewar Vinh, tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta da take kewarsa.

Wata safiya Dom ya tashi zai bi Inna Sau zuwa ƙofa, yadda yake bin mijinta a da, sai ya faɗi. Ya yi ta ƙoƙarin miƙewa yana kaɗa mata jela. Inna Sau ta tsaya a kansa ta daɗe. Daga nan ta ɗauki malfarta da kwando ta fita. Diep ta bi ta a baya.

Ba haikali ta nufa ba. Bakin gada ta nufa, ta tsaya gaban rumfar Baba Nam, inda ruwan jini ke bin ƙasa har ya taɓa silifas ɗinta. 'Yan kasuwa suka bar abin da suke yi.

"Ba ni kifi ɗaya," ta ce. "Na kare ne. Zunubin ya hau kaina, mijina ya yafe min. Ba zan iya kallon wani ya sake mutuwa a gidan nan ba."

Baba Nam ya goge hannunsa a gaban rigarsa. Bai taɓa katakon ba.

"Yaya Sau, zauna tukuna. Kai Vinh, fito."

Vinh ya fito daga bayan rumfar, ya rame. Da ya ji abin da ake ciki sai ya koma ciki ya ɗauko wani gwangwani irin wancan.

"Inna, ba ki karya alkawarinki ba, ko sau ɗaya. Yis ne a ciki, irin na kumbura burodi, da bitamin, da sinadarin zuciyar nan wanda a masana'anta ake haɗa shi, ba daga dabba ba. Ƙarnin kuwa, ki ɗanɗana da kanki. Kin fi ni saninsa."

Ta dangwala yatsa ta kai harshe. Fuskarta ta sauya. Ganyen teku ne. Shi take naɗe awara da shi kullum idan za ta yi wa masu azumin nama kifin ƙarya, don ya ba su ƙamshin abin da suka bari. Shekara da shekaru yana hannunta, tsoro ya hana ta gane shi.

"Yaron nan ya hana mu sakat a gida," in ji Baba Nam. "Turmi daban ya saya, wai kada ya taɓa kayana. A gidana, ni ne na zama ƙazanta."

Ba wanda ya yi dariya. Diep ta rufe fuska da tafin hannu.

"Yaya, ka yafe min."

"Mu je wurin Dom tukuna, 'yar awara. Faɗanmu ba ya sauri."

Sun je, amma an makara. Vinh ya zuƙe ruwan cikin, ya mayar da shi kan magani da garin, bai kuma ɓoye musu ba: zuciyar da ta saki haka ba ta komawa. Dom ya samu sauran damina da ɗan abin da ya biyo baya. Yana cin kwanonsa, yana kwanciya a rana, Inna Sau da kanta take auna masa cokalin. Thien ya aiko ƙanwarsa ta riƙa kawo awarar. Dom ya mutu wata rana da hantsi, kansa a kan ƙafar Inna Sau. Vinh ne ya haƙa ramin a gindin mangwaro, ita kuma ta tsaya tana riƙe masa laima. Da ya gama ta miƙa masa ruwa ta ce, "Ka ce wa babanka ya zo, mu sa rana."

Aka yi bikin bayan sabuwar shekara. Babu nama a teburin ko ɗaya, dangin ango suka ci awara suna gunaguni a ciki, Baba Nam kuma ya rufe rumfarsa tun jajibiri don girmama gidan. Diep ta sa doguwar riga ja. Suka durƙusa su biyu suka miƙa wa Inna Sau shayi da hannu bibbiyu.

Ta sha, ta ɗora tafinta a kan Vinh, sannan a kan 'yarta.

"Kakanni su tsare ku, ku tsufa tare, ku ga jikoki. Ɗana, na ba ka ita da zuciya ɗaya. Ku riƙa tambayar juna kafin ku rufe ƙofa. Ni ban tambaya ba, kuma wanda ya biya ba shi da bakin da zai ce min komai."

Da motar amarya ta tashi, Diep ta waiwaya. Mahaifiyarta na tsaye a ƙofa ita kaɗai, tana ɗaga hannu, babu ko motsi a bayanta. Kuka ya ƙwace wa Diep. Vinh ya riƙe hannunta, ya sunkuyo wajen direba.

"Kawu, ka san hanyar nan da kyau. Gobe da safe nan za mu dawo karin kumallo, jibi ma haka."