Lokacin Juyawa a Dutsen Paloma

"Ɗauke yatsanki daga nan, Delfina."

Ban ji shigowar Mama ba. Taswira ce shimfiɗe a teburin kicin ɗinmu, mun danne gefunanta da kofunan shayi, ni da saurayina Tobias muna zaɓen dutsen da za mu hau a hutuna na watan Yuli. Wurare biyar ya kawo mini. Akwai mai tafki a ƙirjinsa, akwai wanda furanni ke kai wa mutum gwiwa. Duk na ƙi, yatsana sai komawa yake wuri ɗaya.

Dutsen Paloma.

"Mama, kallo kawai nake..."

"Na ce ki ɗauke."

A kan dutsen nan tsawa ta kashe babana Eusebio, ina 'yar shekara tara. Kowa a kwarinmu na Colorado ya san ƙa'ida: in sha biyun rana ta yi ka juyo, ko ƙololuwa tana gaban hancinka, don da tsakar rana hadari ke haɗuwa a can sama. Baba bai juyo ba.

Mama ta dubi Tobias daga sama har ƙasa.

"Kai kuma ɗan gidan Lindqvist, aikinka ke nan, jan mutane zuwa inda Allah bai ajiye musu abinci ba. Dutse ya ci mini miji. Ba zan ƙara masa da 'ya ba, ba kuma zan aurar da ita ga ɗan dutse ba."

Tobias ja-goran masu hawan dutse ne, dogo, miskili, hancinsa kullum a saɓe saboda rana. Ya naɗe taswirar a hankali, ya ce, "Na ji, Mama." Iyakarta ke nan. Wani lokacin shirunsa kan sa in ji kamar in jijjiga shi.

Na bi shi har bakin motarsa.

"Me ya sa lallai sai Paloma, zuciyata?"

"Ka san littafin da ke cikin gwangwani a ƙololuwa, wanda duk wanda ya kai yake sa suna?"

"Na sani."

"Babu sunan Baba a ciki. Ni zan rubuta masa."

Ya ajiye taswirar cikin mota.

"Zan kai ki. Amma sha biyu, Delfina. Duk inda ta same mu."

"Na ji."

Wannan "na ji" ɗin a leɓe ya tsaya, bai shiga ciki ba.

Ranar Asabar da asuba muka kama hanya, na bar wa Mama takarda cewa na tafi wurin ƙawata. Abin da ban sani ba, Corinne abokiyar aikin Tobias, wadda ta shekara biyu tana kai masa kek ba ya ko ɗaga ido, ta ji labarin tafiyar. Hantsi na yi ta ƙwanƙwasa ƙofar Mama, da fuskar tausayi da baki cike da zance. Mai neman ɓata ruwa ba ya rasa sanda.

Mu kuwa muna can cikin wata duniya. Mun ratsa dajin itatuwa masu ƙamshi, raɓa na jiƙa mana takalma, har itatuwan suka gajarce suka ƙare. Daga nan sai ciyawa da furanni, shuɗɗa da rawaya, iska na kwantar da su tana tayar da su. Gajimare ya kwanta a ƙasanmu kamar audugar da aka shanya. Garinmu ya koma ɗan ɗigo. Na ji kamar in na ɗaga hannu zan shafi sama, na kuma ji Baba kusa da ni fiye da duk shekarun nan.

Tobias ya ce, "Numfashi, gimbiyata. Ba gudu aka ce ki yi ba."

"Tsufa ne ke damunka."

"Eh. Ni ne na zauna sau huɗu ina cewa wai hoto zan ɗauka."

Na jefe shi da ɓawon lemu. Ya yi dariyar nan tasa da ba kowa yake yi wa ba. A lokacin na tabbata ina son mutumin nan, son da ya ba ni tsoro.

Sai dai na ɓata mana lokaci. Na tsaya a bakin wani tafki, na tsaya wurin furanni, hawan duwatsun ƙarshe kuma ya cinye mini ƙafafu. Da muka hango tarin duwatsun da gwangwanin yake ciki, saura bai fi taku ɗari biyu ba.

Agogon Tobias ya yi ƙara.

"Sha biyu ta yi. Mu juya."

Na ɗauka wasa yake.

"Dubi sama, Tobias. Tas take. Wancan ɗan gajimaren ko kaza ba zai jiƙa ba."

"Na gani."

"Minti goma kawai..."

"A'a."

"Shekara goma sha biyar nake jiran ranar nan!"

"Na sani, rabin raina."

"Kada ka kira ni haka. In ka mayar da ni daga nan, ni da kai mun gama."

Na ga hannunsa ya dafe aljihun ƙirjinsa, ya kuma sauke. Fuskarsa ta yi fari.

"Gara ki rabu da ni a ƙasa, kina tsaye da ƙafafunki."

Ya tare hanyar da jikinsa. Bai taɓa ni ba, bai kuma matsa ba. Na juya ina kuka.

Awa huɗu muka yi muna gangarowa. Abin haushi, ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Rana ta yi ta haskawa kamar tana mini dariya, ni kuwa ina ta shirya kalmomin da zan sallame shi da su.

A gindin dutsen, inda ake ajiye motoci, na ga tsohuwar motar Mama. Tana tsaye a jikinta, ta haɗe hannuwa a ƙirji, idanunta sun kumbura. Shekara goma sha biyar rabonta da wurin nan.

Ba ta yi faɗa ba. Hannuna na hagu ta kama, ta juya shi.

"Ina zoben?"

"Wane zobe, Mama?"

Ta dubi Tobias.

"Yarinyar nan Corinne ta ce mini a ƙololuwa ka shirya ba ta zobe. Ta ce ko sama za ta tsage ba za ka juyo ba sai ka kai."

Tobias ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja. Ni kuwa sai na tuna hannun da ya dafe aljihu.

"Ba mu kai ba, Mama," in ji shi.

"Ƙarfe nawa kuka juyo?"

"Sha biyu."

"Saura nawa?"

"Kamar taku ɗari biyu."

"Kuma babu hadari," na ce. "Ko ɗigo, Mama."

"Ranar babanki ma haka sama take har sha biyu da rabi." Ta goge ido da bayan hannu. "Abokan tafiyarsa sun ce saura taku hamsin. Cewa ya yi minti goma kawai."

Iska ta taso daga wajen itatuwa. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Mama ta matsa gaban Tobias, kanta ko kafaɗarsa bai kai ba.

"Ta yi maka rashin kunya a can sama, ko?"

"Kaɗan."

"Jinin ubanta ne. To fito da zoben mana, ko sai na sa hannu a aljihun?"

Nan cikin ƙurar wurin ajiye motoci ya durƙusa, da jakarsa a baya.

"Delfina... kin ce mun gama."

"A sama na faɗa. Iskar can ba ta da yawa, ba a riƙe maganarta."

Ya sa mini zoben, Mama na kuka tana cewa mu yi sauri miyar barkononta na kan wuta.

Har yau ban kai ƙololuwar Paloma ba, sunan Baba bai shiga littafin can ba. A rajistar aurenmu na rubuta shi, a layin uban amarya. Duk shekara in mun shimfiɗa taswira Mama kan jawo kujera ta zauna, ta soki wannan dutse ta yabi wancan, ita da ko tudu ba ta hawa. Ranar tafiya kuma ba ta tambayata komai. Tobias take kamawa ta duba agogonsa, ta gwada da nata.