Ƙarfen Bayan Rumbu

Wata Talata gab da magariba, Mahamud mai fataucin albasa a Madawa ya gama lodin kamiyo, babbar motar kaya, ya shigo gida da injinsa na ɗaga kaya mai aiki da batir. Rumfarsa ta cika da buhuna, sai ya kai shi bayan tsohon rumbu, inda ba a ajiye komai tun zamanin kakarsa. Ya sauke ƙarafan ɗaga kayan har ƙasa, ya zare makulli. Kajin gidan suka yi tsit.

Da safe injin ya ƙi tashi. Usman makanike ya auna batir, cike yake. Ya zaro jan maɓallin tsayarwa, ya duba fis, ya kankare bakin wayoyi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Ko fitila ba ta kama ba.

"Alhaji, komi lahiya lau," in ji shi, kansa a ƙasa. "Kuran, wutar batir ɗin, na hita, amma ban san inda yake zuwa ba."

Da rana ta faɗi, duwatsu suka fara sauka kan kwanon rufin gidan, a hankali, babu mai jifa. Haka aka yi kwana uku. A na ukun, Ummukulsum, babbar ɗiyar Mahamud, ta faɗi tsakar gida, hannunta na dama ya manne da ƙasa. Maza huɗu suka kasa ɗaga shi.

Aka ɗauko Malam Alhusaini daga Azarori. Ya zauna kusa da kanta, ya daɗe yana karatu, kafin muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Mi kike biɗa, baiwar Allah?" in ji malam.

"Ɗana na ƙarƙashin ƙarhen can. Shi ya riƙe wutar, don zahi."

Aka kawo jak ɗin kamiyo, maza suka taru, ƙarafan suka ɗaga kaɗan. Babu komai ƙarƙashi sai danshi a busasshiyar ƙasa. Nan take fitilar injin ta kama, alhali makulli na aljihun Mahamud.

"Ya saki," in ji muryar. "Ya mutu. Ku ba ni wagga ɗiya."

"Mutumen ga bai gan shi ba. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu, ya halicce ku," in ji malam.

Mahamud ya durƙusa, ya ce ta ɗauke shi a madadin ɗiyarsa. Muryar ta ce ba ta son wanda zai mutu ya huta. Malam bai bar karatu ba har ta yi rantsuwa za ta bar ran yarinyar.

"Amma hannun nawa ne," in ji ta, ta fita.

Ummukulsum ta farka ta nemi ruwa. Hannun bai sake motsi ba. Cikin wata biyu ta koyi cin tuwo da hagu, kuma duk sanda aka ajiye mata kwano, sai Mahamud ya tashi ya fita waje.