Kwana Biyu Zuwa Teku

A gida 'Yar Gaggawa ake ce mata. Ko ruwa za ta sha, a tsaye take sha.

Babanta tela ne. Ya yi mata alkawarin idan an yi hutu za su hau keke su biyu, kowa da nasa, har bakin teku, su dawo a mota. Ita kuwa ba ta taɓa ganin teku ba. Sai dai kwana bakwai kacal Baba zai iya rufe shago.

"Kilomita ɗari uku ne," in ji shi. "Ke za ki tsara mana tafiyar."

Ta ari agogon Mama, ta nufi filin makaranta. Ta yi ta zagaye a kan keke har rabin awa. Malamin wasanni ya ce ta yi kilomita goma. Nan take ta zauna ta ninka a takarda.

"Baba, kwana biyu mun isa!"

Mama ta fashe da dariya. "Da wannan tumbin nasa?"

"Haba dai," Baba ya ce. "Ni da nake taka keken ɗinki kullum?" Ya dubi takardar, ya yi murmushi.

Da aka yi hutu, da sassafe suka fita. Yarinya ta ba da wuta, ko waiwaye babu. Baba na baya yana haki. Can sai ga tudu, bayansa wani tudun. Rana ta take. Kafin azahar ƙafarta ta riƙe, ta sauka gindin wata bishiya tana hawaye.

"Idan haka za mu ci gaba, gara mu juya gida," in ji Baba.

Ta ɗago kai ta dube shi. Shi ke nan, babu teku?

Baba ya buɗe takardar. "Nuna mini lokacin cin abinci."

"Ban sa ba."

"Na hutu fa? Hawan tudu fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Filin makaranta ba shi da tudu, Baba. Na yi kuskure. A bar ni in gyara."

Ya miƙa mata biro. Ta rubuta kilomita sittin a rana. Za su riƙa fita da sanyin safiya, su huta idan rana ta yi zafi. Duk awa ɗaya a sha ruwa.

"Kuma mai tumbi ne zai shiga gaba," ta ce. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki.

Daga nan tafiya ta yi daɗi. Suna tafe suna hira, yara suna ɗaga musu hannu.

Ran kwana na biyar da yamma suka hau tudu na ƙarshe. Sai ga ruwa shimfiɗe, iya ganin ido. Ta yar da keken, ta ruga tana ihun murna.

"Baba, mun iso! Da ƙafafunmu!"

Ranar ta gane cewa doguwar tafiya ba ta son gaggawa. Wanda ya tsara hutunsa shi ne yake isa.