Akuyar da Ta Ci Dabinon Marayu

A can farkon zamanin Musulunci, an yi wani gari mai baitulmali, wato taskar jama'a. Nan ake tara zakka, daga nan ake ciyar da marayu da gajiyayyu da matafiyan da guzuri ya ƙare musu. Mai tsaron wurin wani dattijo ne, yana da akuya mai tsananin kwaɗayi.

Ran nan ya manta ƙofa a buɗe, akuya ta shige ta cinye kwandon dabino tas.

Matarsa ta ce, "Maigida, yi shiru abinka. Wa ya gani?"

Ya ce, "Dabinon marayu ne."

Ta ce, "Ai dabba ce, ba ta da hankali."

Ya ce, "Ni ina da shi. Dabinon marayu ne."

Ya ja akuya har ƙofar masallaci, tana turjewa, ciki ya yi tim. Da aka idar da salla, ya faɗi abin da ya faru. Ya ce a karɓi akuyar, mabuɗin kuma a ba wani.

Jama'a suka fashe da dariya. Wata tsohuwa mai riƙon marayu ta ce, "Riƙe mabuɗinka, Malam. Dabino dai ya tafi, ba ya dawowa. Amma ai nono yana fitowa."

Tun daga ranar, kullum da safe dattijo yakan ja akuya gida-gida ana tatsa wa marayu. Matarsa kuwa, da ta ga yaran sun fara yin kumatu, sai ta riƙa binsa tana riƙe ƙwarya.