Kafet Ɗin Kaka da Makaɗin Bytom

Ranar Lahadi ce, miyar kaza na kan tebur, ɗana Hubert ya buga cokali har gishiri ya zube.

"Makaɗi? Wallahi ba zan ba shi 'yata ba! Ya shiga ramin kwal kamar kowane namiji a garin nan na Bytom!"

Jikata Renia ta kifa kai tana kuka. Saurayin nata, Achim, yana tsaye bakin ƙofa da gashi har kafaɗa, ya kasa ko zama.

"Baba, yana da baiwa fa..."

"Baiwar uwar me? Ƙungiyoyin kiɗan rok biyu sun kore shi! Na ba shi wa'adi zuwa bikin mahaƙa na Disamba. In wasu suka ɗauke shi aiki na gaske, ya aure ki. In ba haka ba, rami ko hanya!"

Raina ya ɓaci. Ramin nan shi ya cinye huhun mijina, uban Hubert ɗin, shekara uku yana tofar da baƙin kaki kafin ya cika. Amma ni ma ba na son malalaci. Na ce, "Kai, mai gashin mata! Me ya sa suka kore ka?"

"Wai ina gaggawa, Kaka. Ina rigan masu jita."

"Asabar ka zo da sassafe."

Da ya zo na ɗora masa kafet ɗin falo a kai, na kai shi ƙarfen shanya na tsakar gida, na miƙa masa sandar kakkaɓa. Ya hau duka kamar an aiko shi kashe maciji — fat-fat-fat-fat!

"Tsaya, sakarai! Kafet ɗin bashi ya ci maka? Ƙurar da ka fitar kake mayarwa ciki! Daka ɗaya, ka jira ta tashi ta tafi, sannan ka ƙara."

"Kaka, jiran ai ɓata lokaci ne."

"Jiran shi ne aikin. Sake!"

Wata biyar yana zuwa. Matan bene suna leƙowa suna shewa: "Truda, kin samu sabuwar 'yar aiki?" Na ce ta fi mazanku amfani. Renia kuwa ubanta ya hana ta sauka, sai dai ta tsaya a taga tana goge ido da labule. Ta rame, amma ko sau ɗaya ba ta saci hanya ba.

Sannu a hankali dukan ya canza. Ya zama mai nauyi, mai numfashi, har wata Asabar na tsinci kaina ina fere dankali daidai da shi. A Nuwamba wata ƙungiyar kiɗan bulus ta birnin Katowice ta gwada shi. Ya dawo da gudu.

"Kaka, sun ɗauke ni! Shugabansu ya ce wane gwani ya koya mini jira!"

"Ka goge takalminka tukuna."

Ranar biki Hubert ya shigo da baƙar rigar mahaƙa da hular gashin tsuntsu. Ya karanta takardar aikin, ya ture ta.

"Kiɗa dai kiɗa ne. Na fasa."

Renia ta ƙwalla ƙara. Ni kuwa na shiga ɗaki na ɗauko hankicin ubansa na ƙarshe, wanda na wanke sau goma baƙin bai fita ba, na shimfiɗa a kan farantinsa.

"Ga sadakin da rami ya ba ni. Shi kake nema wa 'yarka? Kuma a teburina ka yi alkawari, Hubert. Ban yi boko ba, amma ban haifi mai lashe amansa ba!"

Ya daɗe yana kallon hankicin. Ya cire hular, ya ce da Achim, "Zauna ka ci abinci... Amma ka rage gashin nan."

Bai rage ba. An ɗaura aure bayan Ista. Yanzu faifan kiɗansa shida, ya yi kiɗa har Berlin, ana cewa babu mai riƙe amo kamarsa.

'Yan mata, ku ji ni: wanda ya iya jira tsakanin duka da duka, zai iya jiran mace. Ku kuma iyaye, kada ku tura 'ya'yan wasu wurin da ya kashe naku. Duk Asabar ɗin da Achim ke gari, har yau shi ke kakkaɓe mini kafet. Kuma har yau wani lokacin sai na daka masa tsawa.